Tarihin marigayi Dakta Andrew Foster, kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Arzeke ta Paraku, ko a tashar motar Jugu, ya ga samari kurame biyu ko uku suna hira da hannu, zai iya lura da cewa hirar iri biyu ce. Akwai ishara irin wadda kowa ya sani, wadda ko mai tallan goro zai iya ciniki da ita. Akwai kuma wata mai sauri, wadda ake harhaɗa haruffa da yatsu, ba ka gane komai a cikinta in ba an koya maka ba. Wannan ta biyun maganar 'yan makaranta ce, kuma idan aka bi salsalarta daga Paraku zuwa Kwatano, daga Kwatano zuwa Ibadan, za a tarar ta tuƙe ne ga mutum guda, wato marigayi Dakta Andrew Jackson Foster, baƙar fatar Amurka, wanda shi kansa kurma ne. Yau tarihinsa muka kawo wa mai karatu.

Haihuwarsa da yadda ya kurmance

An haifi Andrew Foster a ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikata da ke birnin Birmingham a jihar Alabama ta kudancin Amurka. Mahaifinsa leburan haƙar kwal ne. Yaron ya tashi da jinsa garau, yana magana kamar kowane yaro, har sai da ya kai shekara 11 a duniya, sannan ciwon sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa. Dukansu biyu sun tashi daga jinyar, amma jinsu ya tafi ke nan har abada.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Arewacin Benin, da arewacin Nijeriya, da kudancin Nijar duk suna cikin yankin da likitoci suka sani da yawan ɓarkewar sanƙarau, musamman daga lokacin hunturu zuwa tsakiyar bazara. A annobar 1996 kaɗai, mutum sama da 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka mutu an ƙidaya su. Waɗanda suka rayu amma suka rasa ji, su ne ba a cika tunawa da su ba, ga su nan cikin gidajenmu. Saboda haka abin da ya sami Foster yana yaro, shi ne abin da ya sami yara da dama a Jugu da Kandi da Kano da Maraɗi. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya ne.

A wancan zamani dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi a Alabama, har a tsakanin naƙasassu. Makarantar kurame ta farare daban, ta baƙaƙe daban. Aka kai Foster ta baƙaƙe da ke garin Talladega, inda karatun bai wuce matakin firamare ba. Abin lura a nan shi ne, a wannan jiha ce aka haifi Helen Keller a 1880, matar nan da ta rasa ji da gani tun tana jaririya amma ta yi karatu har ta zama marubuciyar da duniya ta sani. Sai dai ita Baturiya ce, iyayenta kuma sun sami halin ɗauko mata malama ta musamman, Anne Sullivan, wadda ta riƙa rubuta mata kalmomi a tafin hannu. Ɗan mai haƙar kwal bai sami wannan gata ba.

Neman ilimi

Yana da shekara 17 ya bar kudu ya koma birnin Detroit wurin wata gwaggonsa. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suna neman ma'aikata. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana karatu. A haka ya sami takardar shaida a fannin lissafin kuɗi da harkar kasuwanci a 1950, sannan ya kammala sakandare ta hanyar karatun wasiƙa a 1951, yana da shekara 26.

A Detroit ɗin ne kuma ya shiga harkar coci sosai. Wata rana wani ɗan mishan da ya yi aiki a tsibirin Jamaika ya zo ya ba da labarin halin da kuramen can suke ciki, babu makaranta, babu mai kula. Wannan labari ya tsaya wa Foster a rai, ya fara tambayar yadda kuramen Afirka suke. Abin da ya gano shi ne, a duk faɗin nahiyar makarantun kurame 'yan ƙalilan ne, su ma galibinsu a ƙasashen Larabawa na arewa da kuma Afirka ta Kudu.

A birnin Washington akwai kwalejin Gallaudet, wadda aka kafa a 1864 domin kurame. Foster ya nemi shiga ba sau ɗaya ba, ana mayar da shi saboda launin fatarsa. A 1951 aka karɓe shi. Karatun shekara huɗu ya haɗa shi cikin uku, domin ko lokacin hutu ba ya zama, a 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a wannan kwaleji. Bai tsaya nan ba. A 1955 ya yi digiri na biyu a fannin koyarwa a jihar Michigan, a 1956 kuma ya ƙara wani a fannin aikin mishan a birnin Seattle.

Da takardun nan a hannu ya shiga bin ƙungiyoyin mishan yana neman su tura shi Afirka. Ba wadda ta ɗauke shi. Baƙi ne, kurma ne kuma, a ganinsu wane aiki zai iya? Da ya ga haka sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, ƙungiyar mishan ta Kirista domin kuramen Afirka, ya shiga yawon coci-coci yana neman gudummawa. Ni a ganina wannan ƙin da aka yi masa shi ya gyara masa hanya. Da wata babbar ƙungiya ce ta ɗauke shi, da ya zo a ƙarƙashin masu ji, su tsara masa abin da zai yi, su kuma zaɓi hanyar da za a koyar da yaran.

Daga Akra zuwa Ibadan

A 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, Foster ya sauka a Akra. Ba shi da gini, ba shi da malamai. Ya roƙi aron aji a wata makarantar mishan da ke unguwar Osu, sai an tashi yara masu ji da yamma sannan nasa ɗaliban su shiga. Nemo ɗaliban ma aiki ne, domin iyaye da yawa ɓoye kurman ɗa suke yi, wasu kuma ba su yarda cewa yaron da ba ya ji zai iya karatu ba. Hujjar da ta fi ƙarfi a hannunsa ita ce shi kansa: ga kurma a gabansu, sanye da kwat, yana karanta takarda yana rubuta amsa. Cikin ɗan lokaci ajin ya cika, masu jiran gurbi suka yi yawa, aka mayar da makarantar garin Mampong-Akwapim a kan tudu, ta zama ta kwana. Daga baya gwamnatin Gana ta karɓi ragamarta.

A 1959 ya halarci taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na Jamus, inda ya haɗu da wata Bajamushiya kurma mai suna Berta. Sun yi aure a Nijeriya a 1961, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Berta ba zaman gida ta yi ba, tare suka riƙa koyarwa da riƙe lissafin ƙungiya.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan aka buɗe wasu a Enugu da Kaduna. Ibadan ce ta zama cibiyar aikinsa na tsawon shekaru, kuma daga nan ne hannunsa ya kai ga ƙasashen da Faransa ta raina.

Yadda yake koyarwa

A nan ya kamata mai karatu ya san wata tsohuwar jayayya. A 1880 an yi wani babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, inda aka yanke shawarar cewa a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓen mai magana da ƙoƙarin furta sauti. Kusan duk waɗanda suka yanke wannan hukunci masu ji ne. Ƙasashen Turai suka bi wannan hanya shekaru masu yawa, yaro ya shafe shekaru yana koyon furta kalmomi kaɗan, lissafi da tarihi da sauran ilimi suna wuce shi. Malamai kurame kuwa aka kore su daga aji, tunda ba za su iya koyar da furuci ba.

Foster bai bi wannan ba. Shi a wurinsa duk abin da zai kai ma'ana cikin kan yaro a yi amfani da shi: maganar hannu, harhaɗa haruffa da yatsu, rubutu a allo, hoto, da furuci ga wanda zai iya. Amma ginshiƙin shi ne hannu. Da zarar an yarda da haka, sai wani abu ya biyo baya wanda shi ne ainihin gadon mutumin nan, wato kurma zai iya zama malami, zai iya zama shugaban makaranta. Foster ya riƙa zaɓen masu ƙwazo daga cikin ɗalibansa, musamman waɗanda suka kurmance bayan sun fara karatu, yana horar da su, yana miƙa musu aji. Waɗanda suka yi fice ya nema musu gurbi a Gallaudet. Daga cikinsu akwai Seth Tetteh-Ocloo na Gana, da Gabriel Adepoju na Nijeriya, da Ezekiel Sambo wanda ya koma ya jagoranci ilimin kurame a jihar Filato. A 1970 kwalejin Gallaudet, wadda a da ta ƙi karɓarsa, ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Ba karatun boko kawai ya dame shi ba. Yaron da ya iya karatu amma ba shi da sana'a, bara zai koma ko ya zauna a hannun dangi. Don haka koyon aikin hannu ya zama wani ɓangare na tarbiyyar makarantun, domin kurma ya ci da kansa, ya yi aure, ya riƙe gida.

Yadda aikin ya iso Benin

A shekarun 1970 Foster ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Maimakon ya je kowace ƙasa ya zauna, sai ya riƙa zagayawa yana neman matasa, kurame da masu ji, yana gayyato su Ibadan su yi kwas na 'yan watanni, su koyi maganar hannu da dabarun koyarwa, sannan kowa ya koma ƙasarsa ya buɗe aji. Ta haka aka sami makarantu a Kodebuwa da Togo da Cadi da Senegal da Kamaru da Burkina Faso da Gabon da Afirka ta Tsakiya da Burundi da Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

Daga Benin, wadda har 1975 ake kiranta Dahomey, wani matashi kurma mai suna Victor Vodounou yana cikin waɗanda suka je Ibadan. Da ya dawo aka buɗe makarantar kurame ta farko a ƙasar a birnin Kwatano, a zamanin mulkin Mathieu Kérékou, wato makarantar da aka sani a unguwar Vedoko. Shi Vodounou daga baya ya wuce Amurka ya zurfafa karatu har ya zama malamin jami'a. Ke nan tun daga tushe, ilimin kurame a Benin kurma ne ya ɗauko shi daga hannun kurma.

Maganar hannun da aka zo da ita kuwa wata irin haɗaka ce. Alamomin na Amurka ne, amma an ɗora su a kan Faransanci. Alamomi da dama a maganar hannun Amurka ana yin su ne da siffar harafin farko na kalmar Ingilishi, sai aka sauya siffar yatsun ta dace da harafin farko na kalmar Faransanci, leɓe kuma yana motsi da Faransanci. Sakamakon haka shi ne wani abin mamaki: kurman Kwatano ya fi saurin fahimtar kurman Ibadan ko na Akra a kan kurman birnin Paris, duk da cewa a makaranta Faransanci yake rubutawa. Masu ji na Benin da Nijeriya sai sun nemi tafinta, kuramensu kuwa ba su cika bukata ba.

Inda aikin bai kai ba

Ba za a faɗi tarihin mutum a ɓoye giɓinsa ba. Na farko, makarantun da suka fito daga hannun Foster sun fi yawa a manyan biranen kudu da bakin teku. Daga Paraku zuwa Kwatano tafiyar sama da kilomita 400 ce, daga Jugu kuma ta fi haka. Manomin da ke Borgu ko Donga, wanda da ƙyar yake biya wa mai ji kuɗin littafi, ba shi zai ɗauki kurman ɗansa ya kai bakin teku ba, balle 'ya mace. Ga shi kuma yankin da sanƙarau ya fi yi wa ɓarna shi ne ya fi nisa da makarantar.

Na biyu, Foster ɗan mishan ne, bai taɓa ɓoye cewa wa'azin addininsa yana cikin manufarsa ba. A garuruwa irin su Jugu, inda Musulmi suka fi yawa, wannan kaɗai ya isa ya sa uba ya yi ɗari-ɗari. Wanda duk ya san tarihin shigowar boko ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba.

Na uku shi ne wanda masana harshe suka fi tattaunawa a kai. Foster bai tarar da kuramen Afirka ba su da harshe ba. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe mai tsohuwar maganar hannu tasa ta kansa. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, da ake gado tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai bincike, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Ba harshen kawai ba, har da shugabanci. Kamar yadda ake da sarkin makafi, haka ake da sarkin bebaye a Kano, wanda yake wakiltar jama'arsa. Kurma a garin Hausa yana noma, yana ɗinki, yana wanki da guga, yana dako, ana ciniki da shi, masu ji da yawa kuma sun iya ɗan abin da za su gaisa da shi. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano, suna yada zango a Nikki da Paraku da Jugu kafin su kai Salaga sayen goro, daga irin wannan al'umma suka fito.

Da makarantu suka zo da alamomin Amurka, sai aka wayi gari ana ɗaukar maganar makaranta ita ce ta wayayyu, ta gida kuma ta jahilai. Ko a makarantar Tudun Maliki ta Kano, wadda gwamnati ta buɗe a 1977, alamomin Amurka sun shiga ta hannun malamai da littattafai, suka cakuɗa da na gida. Yaro ya dawo hutu yana magana da hannun da kakarsa ba ta ganewa. Wannan asara ce ta gaske. Amma adalci shi ne a tuna cewa a zamanin da Foster ya fara aiki, ko a Amurka ba a gama yarda cewa maganar hannu cikakken harshe ba ce, sai a 1960 wani malamin Gallaudet mai suna William Stokoe ya fito da binciken da ya tabbatar da haka. Mutumin ya zo da abin da yake hannunsa ne, kuma zaɓin da ke gaban yaran a lokacin shi ne ko wannan, ko makarantar da za ta ɗaure musu hannu gaba ɗaya, ko zaman gida.

Akwai kuma waɗanda har yanzu suke can baya, wato masu fama da rashin ji da rashin gani a haɗe. Su ba allo, ba kallon hannu daga nesa, sai dai a sa hannunsu a kan hannun mai magana su bi motsin da taɓawa, mutum ɗaya ga mutum ɗaya. Makarantun Foster an gina su ne a kan ido. Sai dai duk wanda zai yi wa irin waɗannan bayin Allah hidima, daga cikin waɗanda suka ƙware a maganar hannu zai fito, kuma mafi yawansu kurame ne. Benin ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu a 2017, Nijeriya ma ta sa hannu a kan tata a farkon 2019. Doka dai ba ta zama kusa da makaho kurma ta riƙe masa hannu, sai an horar da mutum an biya shi.

Rasuwarsa

A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa suka koma Amurka da zama, shi kuma ya raba shekararsa biyu, wani lokaci yana can yana neman kuɗin gudanar da makarantu, wani lokaci yana Afirka yana bin su ɗaya bayan ɗaya, a mota, a jirgi, a kan hanyoyin da mai ji ma yake shan wuya. Da takarda da alƙalami yake shiga ofisoshin ministoci, yana rubuta bukatarsa da Ingilishi ko Faransanci. Cikin shekara 30 ya kafa ko ya taimaka aka kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13.

A ranar 3 ga watan Disamba na 1987, ya sami gurbi a wani ƙaramin jirgin sama da zai tafi Kenya. Jim kaɗan da tashi jirgin ya faɗi a kusa da garin Gisenyi na ƙasar Ruwanda, Foster yana cikin waɗanda suka mutu. Yana da shekara 62. Matarsa Berta ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayansa, makarantu da dama kuma suka ci gaba a hannun ɗalibansa ko gwamnatocin ƙasashensu. A shekarar 2004 jami'ar Gallaudet ta sa wa wani babban zauren taronta sunansa, aka kafa mutum-mutuminsa a bakin zauren, ƙungiyar kurame baƙaƙen fata ta Amurka ce ta ɗauki nauyin yin sa.